Ƙayar Ƙurungu a Hannun Yayana

Ni na ba yayana ƙodata, ni kuma na yi wa likitansa ƙarya. Mutanen garinmu na farkon kaɗai suka sani, shi ya sa har yau in na ratsa kasuwar kifi ta Yelwa sai wata tsohuwa ta riƙo hannuna tana sa mini albarka. Nakan ce amin, in zare hannuna, in ƙara sauri. Na gaji da amsa albarkar nan, don haka na ce bari in rubuta na biyun.

Mu Sarkawa ne, masunta tun kaka da kakanni. A tsibiri aka haife mu, da ruwan dam ya cinye shi aka tashe mu zuwa gaɓar tafki, wajen Ngaski. Cikin 'ya'yan Inna mu biyu muka rayu, shi babba, ni auta. Shi aka kai boko, ya yi nisa, ya zama ma'aikaci a ofishin kula da kamun kifi, lokacin muna jihar Sakkwato, ba a yanke mana Kabi ba tukuna. Ni daga firamare na tsaya, na yi aure a garinmu, na kama sana'ar banda irin ta Inna. Hayaƙi ya cinye mini ido, bai taɓa mini baki ba. Ina da faɗa, ban ɓoye ba, kowa a gaɓar nan ya san haka.

Ciwon Yaya da kumburin ƙafa ya fara. Aka yi na gida aka gaji, aka yi na asibiti, daga ƙarshe aka ce ƙodojinsa biyu sun daina aiki, kuma a lokacin ba a dasa ƙoda a ƙasar nan. Wajen aikinsa suka tsaya masa aka shirya fita da shi Ingila, saura wanda zai bayar. Aka ɗebi jinin dangi, nawa ya dace. Maigidana ya ce in dai zan dawo da raina ya yarda. Ni da ko jirgin ƙasa ban taɓa shiga ba, sai ga ni a sama ina salati. Abin da na riƙe na can kaɗan ne: sanyi, da shinkafa marar gishiri, da ranar da na farka aka ce mini Yaya ya yi fitsari, na fashe da kuka sai ka ce an yi mini albishir da haihuwa.

Kafin mu taso likitocin can suka zaunar da mu da tafinta. Suka ce jikin mutum ba ya son baƙon nama, zai yi ta yaƙar ƙodar, don haka Yaya zai riƙa shan magani kullum har ƙarshen rayuwarsa don ya kwantar da garkuwar jikinsa. To garkuwar nan ita ce kuma ke tare masa cuta. Abin da zai taɓa wani ya wuce, shi yana iya kayar da shi. Da suka ji daga inda muka fito sai suka jaddada: ban da shiga ruwan tafki, ban da taɓa ɗanyen kifi, kuma ko ƙwarzane ya yi a gaya wa likita.

Ni na ɗauki dokar nan na ɗora a kaina. Ƙodata ce, ai ina da ta cewa. In ya zo gida hutun ƙarshen mako daga Yelwa, ni ke tafasa masa ruwan sha, ni ke duba ko ya sha magani, ni ke korar masu mura daga zaure. Saja yake kirana. In ya hango ni tafe sai ya miƙe ya sara mini, ya ce, "Saja, na sha, wallahi na sha, ga kwalin ki ƙirga." Duk wata kuma tare muke hawa mota zuwa Sakkwato, a duba shi a duba ni. Likitan da ke ganinmu mutumin kirki ne, mai magana a hankali. Ya gane halina tun ranar farko, har ya kan ce in yana son gaskiyar lafiyar Yaya ni zai tambaya, ba shi ba. Wayyo, yadda maganar nan ke faranta mini rai a lokacin!

Shekara biyu muka yi haka lafiya lau. Yaya ya yi ƙiba, ya koma aiki, matarsa ta sake haihuwa. Abu ɗaya ke cinsa. Mutum ne da ya iya iyo kafin ya iya tafiya sosai, yanzu in jirage suka dawo da safe sai dai ya tsaya can nesa da takalmi sau-ciki, hannuwa a baya, kamar baƙon da ya zo kallo.

Wata Asabar da hantsi, ruwa ya fara ja baya, na sauka gaɓa sayen kifin banda, shi ma ya biyo ni. Jirgin ɗan kawunmu ya shigo, taubashinmu ne, mutum mai baki kamar ni. Tarunsa cike da ƙurungu. Wanda bai san ƙurungu ba, kifi ne mai ƙaya uku masu tsini, ɗaya a baya biyu a gefe, in ya ji an kama shi sai ya miƙar da su su kulle, ya sarƙe a taru. Fitar da shi sai gwani, akwai yadda ake danna gindin ƙayar ta kwanta. Su kuwa masu jirgin fizga kawai suke yi, tarun na yagewa. Na ga Yaya yana cije leɓe.

"Kai, ba haka a kai ba," in ji shi. "Ku danna gindin, za ku kashe tarun banza."

Taubashi ya ɗago yana dariya. "Jama'a ku ji Bature! To ranka ya daɗe, matso ka gwada muna mana. Au, na manta, an ce ruwa na cizonka. Basarken da ke gudun kifi, wallahi ban taɓa gani ba sai a gidan gwaggo."

Gaɓa ta ɗauki dariya. Wasan taubasai ne, ba wanda ya nufi sharri. Ni ina can ina ciniki, na juya baya. Da na waiwayo Yaya ya tuɓe takalmi, ya naɗe hannun riga, yana tsugune a bakin jirgi. Na buɗe baki zan yi masa tatas, sai na ga fuskarsa. Rabon da in ga haƙoransa haka tun kafin ciwo. Yana dannawa yana jefawa kwando, ɗaya, biyu, biyar, hannun bai manta komai ba, mutane suna ta kirari. Ni da ake kira Saja na tsaya ina murmushi kamar sakarya. Bai kai ga gama kwandon ba wani ƙaramin ƙurungu ya yi fizga, ƙayar ta shige masa a gindin babban yatsa.

Ko a fuska bai nuna ba. Ya dunƙule hannun, ya ce ya isa haka ya koya musu, ya ɗauki takalminsa. Sai da muka kewaya bayan rumfar bandata ya buɗe mini tafin. Jini ɗan kaɗan ne.

A nan ya kamata mai karatu ya san wani abu game da gidanmu. Maganin ƙaya namu ne, gadonmu ne. Daga Shanga, daga Birnin Yauri, mutane ke zuwa wajen Inna in ƙayar kifi ta maƙale musu a wuya ko ta soke su. Yadda muke yi wa sukar ƙurungu kuwa, a matse jinin, a shafa yauƙin cikin kifin da ya yi sukar, a yi tofi, a cusa baƙar laka ta bakin ruwa a ramin, a ɗaure da tsumma kwana uku ba a kwancewa. An yi mini ya fi a ƙirga, na yi wa wasu ya fi a ƙirga, ban taɓa ganin wanda ya kwana biyu yana ciwo ba. Hannuna ya riga tunanina. Na koma na ɗauko kifin, na ɗebo laka, na yi masa yadda aka koya mini, ina yi ina zaginsa. A kaina sam ban lissafa wannan cikin ƙwarzanen da Turawa suka ce a faɗa ba. Ƙaya ai ba ciwo ba ce a wajenmu.

"Auta," ya ce, don in maganar gaske ce ba ya cewa Saja, "wagga magana ta tsaya nan. Kar Inna ta ji, kar likita ya ji. In anka ji ƙayar ƙurungu ta kai ni asibiti, ina zan sa kaina a gaɓar nan?"

Na ce ai ni ma ba zan tona wa kaina asiri ba, ina tsaye aka yi. Bayan kwana uku aka kwance, wurin ya rufe tas. Na ce masa ka gani, na mance da zancen.

Sai da aka fi wata guda wani ɗan ƙurji ya fito a wurin, ja, mai tauri, ba zafi. Kafin zuwanmu Sakkwato na gaba wani ya fito a wuyan hannu, wani a sama da shi, sun jeru suna hawa kamar 'ya'yan carbi. Likita ya juya hannun ya daɗe yana kallo. Bai tambayi Yaya ba, ni ya kalla.

"Malama, ya shiga ruwa kwanan nan? Ko ya taɓa ɗanyen kifi, ko wani abu ya soke shi?"

Yaya ya sunkuyar da kai. Ni kuwa ko ƙiftawa ban yi ba. Na ce, "Haba likita, ina raye? Ko gaɓa ba ya sauka."

Allah ya sani, rabin zuciyata ta yarda ba ƙayar ba ce. Ciwon da ya warke tun wata guda, ta ina zai dawo? Ɗaya rabin kuwa girman kai ne zalla. Ba na so mutumin nan da ke yabona ya san ina tsaye ina washe baki aka karya doka, balle ya ji ni na cusa laka a jikin wanda ko ruwan randa na hana shi sha. Likita ya ce to, ya rubuta. Aka ɗebi ruwan ƙurjin aka kai ɗakin gwaji, aka ba shi maganin maruru.

Gwaji bai nuna komai ba. Aka canza magani, shi ma shiru. Ƙurajen suka fara fashewa suna ruwa, suka wuce gwiwar hannu. Wata na uku likita ya sake tambayata, wannan karon har da roƙo. Ya ce in yi tunani da kyau, ko da abu ne ƙarami da na raina, don amsar za ta canza inda zai nema. Kun san me na yi? Faɗa na kama. Na ce sau nawa zan faɗa, ko maƙaryaciya ya ɗauke ni, ni da na yanke naman jikina na bayar? Bawan Allah har haƙuri ya ba ni. Duk zunubaina wannan haƙurin da ya ba ni ya fi tsaya mini a wuya.

A mota muna dawowa na ce wa Yaya, ko dai mu faɗa? Ya ce yanzu kuma, bayan mun musa sau biyu? Ya ce in bari, zai wuce. Na bari, don abin da nake so in ji ke nan.

Bai wuce ba. Yatsunsa suka sandare, ya kasa riƙe biro, ya kasa ɓalle maɓallin riga. Zazzaɓi ya riƙa zuwa da yamma. Sannan gwiwar ƙafarsa ta kumbura, wurin da ƙaya ba ta taɓa zuwa ba. Aka kwantar da shi. Ranar da na ga matarsa tana ba shi koko da cokali, namijin da a da yake jan taru shi kaɗai, sai na kasa daurewa. Na fita na tare likita a baranda, ban ko yi sallama ba. Na ce, "Ƙurungu ne ya soke shi, wata biyar ke nan. Ni na sa masa yauƙi da laka. Ƙarya na yi maka."

Na so ya zage ni, wallahi da ya fi mini sauƙi. Sai kawai ya jingina da bango ya cire tabarau yana goge ido. Ya ce akwai wata ƙwayar cuta, 'yar uwar ta tarin fuka, da ke zama a ruwa da jikin kifi. Ba kasafai ake ganinta ba, shi kansa a littafi ya san ta. In ta shiga mai lafiya takan tsaya a fata, amma wanda aka kwantar wa garkuwa sai ta yi ta nutsawa. Kuma ba ta son zafi. A ɗakin gwaji da ɗumin jikin mutum ake renon ƙwayoyin cuta don a gane su, ita kuwa a wannan ɗumin ba ta tsirowa, sai an sa ta a wuri mai ɗan sanyi an jira makonni. Ba wanda zai yi haka sai an ce masa kifi ne. Ya ce, "Shi ya sa nake tambayarki, Malama." Iyakar abin da ya faɗa mini ke nan na zargi.

Da Yaya ya ji na faɗa, kwana biyu bai yi mini magana ba. Rana ta uku ya ce in gyara masa matashi.

Aka sake gwaji yadda ya kamata, muka jira mako shida, ta tsiro. Ita ce. Lokacin ta riga ta shiga jijiya da ƙashi. Likita ya zaunar da mu ya faɗi abin da ya rage, bai rufe mana komai ba. Maganin da zai iya kashe ta a wannan matakin mai ƙarfi ne, kuma yana cinye ƙarfin maganin da ke tsare ƙodar. In an bar garkuwar jiki a kwance cutar ta cinye shi, in an tashe ta kuma ta afka wa ƙodar. Za su yi ta aunawa suna lallaɓawa, ko Allah zai sa a tsira da duka biyun. Na tambaye shi, da tun farko na faɗa fa? Ya ce ba shi da tabbas, amma da wataƙila ba a kai ga wannan maganin ba. Ni na roƙi amsar, ya ba ni.

Wata biyu ƙurajen suna bushewa, har na fara sa rai. Sai wata safiya ina wanke masa ƙafa na danna idon sawu, yatsana ya lotsa, ramin bai tashi ba. Na san wannan kumburin, da shi muka fara. Fitsarin da nake aunawa a kwalba kullum ya riƙa raguwa, ina kallo, ba abin da zan iya. Na je na ce wa likita ga ɗayar ƙodar tawa, a cire a sa masa. Ya ce ba a yi. Na yi masa ihu a gaban mutane, na ce tawa ce, ina ruwan wani? Ya bar ni na gama, ya sa aka kawo mini kujera. Aka yi maganar kai shi Ikko inda ake wankin ƙoda da inji, Yaya ya ce shi kam ya gaji da hanya, a kai shi wajen Inna.

A ɗakin Inna ya yi kwana goma sha ɗaya. Wata rana da azahar ina masa fifita ya ce, "Auta, na ɓata miki kayanki. Kin ba ni lafiyayya, ki yafe mini." Kalmar kirki ɗaya ta gagare ni. Na ce ya rufe mini baki, wa ya ce masa ina so a mayar mini? Ya yi 'yar dariya, ya ce har yanzu dai ba a canza ba. Ina son yayana, ina sonsa fiye da yadda bakin nan nawa ya taɓa iya faɗa, kuma ban faɗa masa ba. Ya rasu ranar Talata bayan la'asar. Maza suka ɗauke shi da ƙodata a jikinsa, ni ina tsakar gida ina jin takunsu yana nisa. Taubashinmu ne ya riƙe gaban makara, yana kuka kamar mace, har yau bai san komai ba, ban kuma ga amfanin ya sani ba.

Bayan sadakar bakwai, da baƙi suka watse, ina wanke kwanoni Inna ta zo ta zauna a kan turmi kusa da ni. Ta tsufa a mako ɗaya. Ta ce, "Da nike shafa mai mai na ga gindin yatsan nan. Sukar ƙurungu ce. Wa ya ɗaure mai?"

Na ce ni ce.

"Da laka?"

Na ce da laka, da yauƙi, yadda kika koya mini.

Ta gyaɗa kai. Ta ɗora hannunta a bayana, abin da ba ta saba yi ba. Ta ce, "To ki bar cin kanki, ɗiyata. Da ni ya kawo ma hannun nan, abin da zan yi ke nan, ba ragi ba ƙari."

Na san sauƙi take nema mini, ita da ta binne ɗanta. Na so in karɓa in yi shiru. Na ajiye kwanon da ke hannuna na ce, "Inna, laka kam kowa zai sa. Amma ba ke likita ya tambaya ba. Ni ya tambaya, har sau biyu."

Ba ta ɗauke hannunta ba. Muka zauna a haka har ruwan wanke-wanken ya huce.